Atlas, Gulob ko Manhaja: Wanne Mai Koyon Yanayin Ƙasa Zai Fara Saya?

Wanda ke son ya iya duba takarda ya ce nan tudu ne, can kwari, ruwan sama kuma ta wannan gefen zai gangara, kayan aiki huɗu ne a gabansa: gulob, atlas, taswirar layukan tsayi, sai manhajar waya ko kwamfuta. Kowanne da tambayar da yake iya amsawa, kuma wanda ya fi ɗaukar ido a kanti shi ne ya fi ƙarancin amfani a wannan fanni.

Gulob nake nufi, wato dunƙulen duniyar nan da ake ɗorawa a kan tebur. Alherinsa ɗaya ne, amma babba: ba ya ƙarya game da girman ƙasashe. Duk taswirar da aka shimfiɗa a takarda sai ta miƙe wani wuri ta matse wani. A tsarin da Gerardus Mercator ya fitar a 1569, tsibirin Girinlan yana fitowa kusan daidai da Afirka, alhali Afirka ta ninka shi kamar sau 14. Gulob kaɗai ke gyara wannan a idon yaro. Sai dai idan ana maganar tudu da kwari, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Faɗin duniya ya kai kilomita 12,742, tsaunin Everest kuwa bai cika kilomita 9 ba. A kan gulob mai faɗin santimita 30, tsayinsa na gaskiya kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita ne kawai, da ƙyar yatsa zai ji shi. Saboda haka gulob mai ƙuraje da ake tallata wa mutane a matsayin mai nuna duwatsu, an zuzuta tsayin ne ninkin ba ninkin. In za ka saya, sayi mai santsi, ka rage kuɗi.

Atlas, wato littafin taswirori, shi ne abin da zan ce a fara da shi, amma a buɗe shi kafin a biya. Wasu kusan duk shafukansu na iyakoki ne da manyan birane, kowace ƙasa da launinta. Wanda kake nema shi ne mai shafukan yanayin ƙasa, inda launi ke tashi daga kore zuwa rawaya, zuwa ruwan ƙasa, har fari a kan ƙololuwa. Nan ne masu koyo da yawa ke tuntuɓe, domin koren ba ciyawa yake nufi ba, ƙasa ce mai ƙarancin tsayi. Kwarin Ƙattara na Masar yakan fito da kore sharr, ga shi kuwa hamada ce da gishiri, don kawai ya yi ƙasa da matakin teku. Atlas ɗin da bai bayyana ma'anar launukansa a gefen shafi ba, ajiye shi.

Shekarar bugu ma abin dubawa ce. Hanya mai sauƙi: nemi Sudan ta Kudu. In babu ita, bayanan sun girmi 2011. Wani zai ce ai duwatsu ba sa ƙaura. Haka ne, amma ruwa yana yi. Tafkin Chadi da Tekun Aral sun janye sosai daga shekarun 1960 zuwa yau, kuma tsohon bugu zai nuna maka su cike fal.

Taswirar layukan tsayi ita ce ainihin makarantar. Takarda ce ta yanki ɗaya, wadda hukumomin safiyo na ƙasashe ke bugawa, kuma kowane siririn layi mai ruwan ƙasa a kanta yana haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne daga matakin teku. Ɗora yatsa a kan layin da aka rubuta 400, ka bi shi duk inda ya karkata: ba ka hau ba, ba ka sauka ba. Tsallaka zuwa na kusa da shi ne hawa ko gangara. Inda layukan suka cunkushe, hawan wurin da tsanani. Inda suka yi nisa da juna, fili ne shimfiɗaɗɗe. Inda suka lanƙwashe kamar bakin mashi a kan rafi, tsinin yana nuna inda ruwan ya fito ne, ba inda ya nufa ba.

Lamba biyu za ka duba a gindin takardar kafin saye. Ta farko sikeli, wato yadda nisa a takarda yake daidai da nisa a ƙasa. A 1:50,000, santimita 2 kilomita 1 ce, a 1:25,000 kuwa santimita 4. Ta 1:25,000 ta fi nuna ƙananan abubuwa irin su kwazazzabo da turba, amma yankin da take ɗauka a takarda mai girma ɗaya kashi ɗaya ne cikin huɗu na ta 1:50,000. Ga mai koyo 1:50,000 ta wadatar. Lamba ta biyu ita ce tazarar tsayi tsakanin layi da layi, galibi mita 10 ko 20. Da waɗannan biyun kana iya lissafi: a taswirar 1:50,000 mai tazarar mita 20, idan ka ƙirga tazara 5 cikin santimita 1, hawan mita 100 ke nan a tafiyar mita 500, hawan da zai sa mutum haki. Shawarata a sayi ta wurin da za a iya takawa da ƙafa, a riƙa duban takarda ana duban ƙasa, domin gani ya kori ji. In da fita da ita za a yi, mai rufin leda ta fi, kuma a haɗa da kamfas.

Manhaja fa? Google Earth kyauta ne, yana ba ka damar karkata hoton ka ga tsauni ta gefe, har ka ja layi ya zana maka hawa da saukar hanyar. Irin waɗannan manhajoji sun amfana ƙwarai da awon da kumbon Endeavour na Amurka ya yi da na'urar rada cikin kwana 11 a watan Fabrairun 2000, wanda ya auna tsayin kusan kashi 80 cikin 100 na busasshiyar ƙasa. Amma awon ma'auni ɗaya ne a kowace mita 30, don haka ƙaramin rami ko gaɓar rafi na iya ɓacewa. Ga cin data da batir, ga ƙanƙantar allo da ke hana ka ganin kogi daga tushe har bakinsa a kallo ɗaya. Babban aibinta ga ɗalibi shi ne tana yi masa aikin da ya kamata kansa ya koya. Kada ka biya kuɗin wata-wata na manhajar taswira sai in kana buƙatar sauke taswirori don amfani inda babu intanet.

In kuɗin abu ɗaya gare ka, atlas mai shafukan yanayin ƙasa. In sun kai na biyu, ƙara taswirar 1:50,000 guda ɗaya, ka riƙa gwada abin da ka karanta a kanta da Google Earth. Gulob ya jira, sai dai in akwai yara a gida.