Sandar Jifan Fofa a Teku: Wacce Za Ka Saya In Kuɗinka Ba Su Da Yawa

Wanda ya saba da fatsa a Kainji ko a Kogin Binuwai, ranar da ya fara riƙe sandar jifan fofa zai ji kamar taɓarya aka miƙa masa. Fofa wani guntun katako ne ko roba mai kwarmin baki kamar kofi, ɗauke da manyan ƙugiyoyi. Sai ka wurga shi nesa, ka riƙa fizgo shi yana kwarfar ruwa yana "bul! bul!" har babban kifi ya taso daga ƙasa ya kai masa cafka. Nauyinsa kan kama daga giram 80 zuwa 200, kuma a yini guda za ka jefa shi sau ɗaruruwa. Saboda haka kafaɗarka ce za ta zaɓa maka sanda kafin aljihunka.

Abin da ke jefa mutane asara shi ne bidiyon kifin GT, wato babban kifin tekun da ake kira giant trevally da Turanci. Wannan kifi ƙarfinsa ya wuce misali. Wanda aka kama a tsibiran Tokara na Japan a 2006 ya kai kilo 72.8. Amma shi ɗan tekun Indiya ne da Fasifik: kudancin Oman, Maldibs, Seshels, Indunisiya da Bahar Maliya. Babu shi a gaɓar Afirka ta Yamma. Wanda zai fita daga Legas, ko ya nufi Gabon ko tsibiran Bijagos na Gini Bisau, kifayen da zai tarar su ne barakuda, jan kifin kubera, tafon da tuna mai rawayan fiffike. Me zai kai shi sayen sandar da aka ƙera don dakon fofa mai giram 200?

Duba rubutun da ke jikin sandar, kusa da mariƙi. Za ka ga lambar PE, wato ma'aunin kaurin zare na Japanawa, da kuma nauyin fofar da take iya jefawa. Mai PE 4 zuwa 6 tana da sauƙin hannu, ta dace da matsakaitan kifaye. Mai PE 8 zuwa 10 ta masu farautar manyan GT ce a kan duwatsun murjani, inda dole a tsayar da kifi da ƙarfin tsiya kafin ya shige dutse ya datse zare. A ganina, wanda sanda ɗaya tak zai iya saya ya tsaya a kan PE 6 zuwa 8, mai jifan fofa har giram 150 ko kusa da haka. Tsawo kuma kada ya gaza ƙafa 7 da rabi, kada ya wuce 8 da rabi. Doguwa ta fi kai jifa nesa, amma in kifi ya nutsa ƙarƙashin jirgi, ƙugunka ne zai biya bashin. Sannan ka lanƙwasa kanta da hannu ka ji: fofa mai faɗin baki tana son sanda mai taurin kai, don mai laushi shanye fizgar take yi, fofar ba ta yin ƙara yadda ya kamata.

A saman kasuwa akwai Carpenter, Ripple Fisher da Zenaq, duk ƙirar Japan. Ba su da nauyi, aikinsu ba a cewa komai, amma kuɗinsu kan ninka na masu sauƙi sau biyu zuwa uku. Na ƙasa da su waɗanda na yarda da su biyu ne: Shimano Grappler Type C da Major Craft Giant Killing. Sun ɗan fi nauyi, kuma da la'asar za ka ji bambancin a damtse, amma kifin da ya kama bai san farashi ba. Na fi karkata ga Grappler saboda akwai samfurinta mai gaɓa uku, wadda ke shiga jakar tafiya. Mai gaɓa biyu da ke rabuwa daga mariƙi doguwar gaɓarta ta kusa mita 2, kuma kamfanonin jiragen sama na iya cajin ka kuɗin kaya na daban.

Waɗanda nake roƙon ka guje musu su ne marasa suna da ake tallarsu a intanet da arha. Na taɓa sayen irinsu. A jifa na farko ba ta nuna komai ba. Kwana na biyu sai zaren ya riƙa tsinkewa ba gaira ba dalili, na rasa fofa biyu. Da na zura auduga cikin zoben ƙarshe na jikin sandar, inda zare ke bi, sai ga ta ta maƙale: tangaran ɗin ciki ya tsage, tsagar ba ta fi gashi ba, tana yankan zare kamar reza. Tun daga ranar, zobba nake fara dubawa. In ba na kamfanin Fuji ba ne, masu tangaran samfurin SiC ko Alconite, ina mayar da sandar inda na ɗauko ta.

Abin da ka rage a kan sanda, zuba shi a na'urar naɗe zare, domin ita ce gishiri ke fara ci. Shimano Saragosa SW mai lamba 14000 ta dace da sandar PE 6 zuwa 8, ba sai ka kai ga Stella, wadda ta fi ta tsada, ba. In da hali, ɗaura ta a jikin sandar tun a shago, ka kafa gindin a ƙugu, ka sa mai shagon ya ja kan sandar ƙasa da ƙarfinsa na minti ɗaya, ka ji ko bayanka zai ɗauka.