Bitar kwana biyu ga shugabannin sashe: abin da na tarar

Watan jiya wurin aikinmu ya tura ni wata bita kan gajiyar aiki a wani otal da ke GRA, nan Katsina, wadda aka shirya wa irinmu shugabannin sashe, da ke tsakanin manya da ƙananan ma'aikata. Mutum tara nake kula da su a ɓangaren sito. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da wuya rana ta wuce wani bai same ni da kukan kuɗin Keke Napep daga Ƙofar Ƙaura ko Batagarawa ba. Ga oga ya kawo sabuwar manhajar shigar da kaya, ya ce cikin wata guda kowa ya iya. Gaba kura, baya siyaki. Har na kai idan waya ta yi ƙara bayan Isha'i sai gabana ya faɗi.

Malamar da ta ja ranar farko ta san aikinta. Ta ce a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a matsayin abin da dogon matsin aiki ke haifarwa, ba cuta ba. Alamunta uku: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga ran mutum, ya ga kamar ba ya tsinana komai. Ina zaune ina ƙirgawa, duka ukun ina da su. Wallahi sai da idona ya cika da ƙwalla, don da na ɗauka lalaci ne ya kama ni.

Ta koya mana idan aka ƙara aiki, mu rubuta duk abin da ke hannunmu mu kai sama. Na gwada. Na ce wa oga, "Ranka ya daɗe, ga su shida, wanne zan ajiye?" Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ɗage batun manhajar zuwa wata uku.

Rana ta biyu kam ba ta yi armashi ba. Misalan duk na Turai ne, ana ta zancen aiki daga gida, alhali unguwarmu sai a wuni ba wuta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba a gayyaci manyanmu ko ɗaya ba, su da ke ɗora mana kayan. Na rubuta hakan a takardar jin ra'ayi, na kuma gaya wa malamar baki da baki kafin in fito.