Katin roba ko katin waya: abin dubawa kafin shiga tsarin tara maki na jirgin sama

Tun daga 1981, lokacin da kamfanin jirgin sama na American Airlines ya buɗe tsarinsa na tara maki mai suna AAdvantage, katin roba ne shaidar mai yawan tafiya: a aiko masa ta gidan waya, ya sa a aljihu, ya nuna a filin jirgi. Yanzu kamfanoni da yawa sun daina aiko shi, wasu kuma sun bar shi ga masu babban matsayi kaɗai, wato matakin da mamba ke kaiwa da yawan tafiya. Wanda ya yi rajista yau lamba zai samu ta imel, katin kuwa yana cikin manhajar kamfanin.

Kati, na roba ne ko na waya, ba shi ke jawo maki ba. Lambar mamba ce ke jawo shi, ita ma sai an sa ta cikin tikitin. Idan ta shiga, matsayinka zai fito a jikin katin shiga jirgi, na'urar da ke ƙofar falon hutawa za ta karanta, a bar ka ka wuce ba tare da an tambaye ka komai ba. Ana neman kati ne ranar da lambar ba ta shiga ba, ko kwamfutar wani kamfani ta kasa ganin matsayinka. Saboda haka da wannan ranar za ka auna kowane zaɓi.

Katin cikin manhaja shi ne mafi cikar bayani. Yana nuna maki, matsayi da ranar ƙarewarsa, kuma da ka haura mataki zai canza nan take, ba jiran wasiƙa. Lagonsa shi ne shiga. Manhaja takan fitar da mutum bayan an sabunta ta, ko in ya daɗe bai buɗe ba, sannan ta nemi lambar tabbatarwa da za a turo ta saƙon tes. Matafiyin da ya cire layinsa ya sa na ƙasar da ya sauka ba zai ga saƙon ba. Maganin a gida ake yinsa: ka shiga manhajar ana gobe tafiya, ka kashe sabuntawa ta kai tsaye, kuma in kamfanin ya ba da zaɓi, ka mayar da lambar tabbatarwar ta riƙa zuwa ta imel.

Katin da aka ajiye a Apple Wallet ko Google Wallet, manhajojin ajiye kati da tikiti a waya, ya fi dacewa da filin jirgi. Yana buɗewa ko babu intanet, ba ya neman ka sake shiga asusun kamfanin, kuma wuri ɗaya yake da katin shiga jirgi. Ana ajiye shi ne daga cikin manhajar kamfanin: ka buɗe shafin katin mamba, ka danna wurin ƙarawa. Ba kowane kamfani ke da wannan ba, wani ma yana da shi a iPhone amma babu a Android, don haka ka duba tun kafin rajista. Wani lokaci kuma katin yakan ci gaba da nuna tsohon matsayi. In ka ga haka, goge shi ka sake ɗorawa.

Hoton katin da aka ɗauka daga allon waya madogara ce ta ƙarshe. Ma'aikaci na iya ƙin karɓa, da hujjarsa, tunda ba ya tabbatar masa cewa matsayin na nan da ransa.

Katin roba ba ya mutuwa don caji ya ƙare, kuma nan amfaninsa ya tsaya. Yakan ɗauki makonni kafin ya iso, yakan ɓata, kuma abin da aka buga a kansa yana tsufa. In kyauta ake bayarwa, karɓa, musamman don dattijo ko yaron da ba ya riƙe waya. In sai da kuɗi, takarda ta wadatar: buga katin daga shafin kamfanin, ko rubuta lambar da hannu, ka sa a bayan fasfo. A ganinmu katin Wallet haɗe da wannan takardar sun rufe kusan kowace ɓaraka.

Tunda komai ya koma waya, batun caji ba ƙarami ba ne. Batirin ko-ta-kwana (power bank) a jakar hannu ake sa shi, ba ya shiga kayan da ake aunawa. Iyakar ƙarfin batirin da aka saba ita ce 100Wh ba tare da neman izini ba, kuma mai 20,000mAh kusan 74Wh ne, yana ƙasa da iyakar. Wasu kamfanonin sun hana amfani da shi a cikin jirgi, sai ka cika wayar kafin a kira shiga.

Siffar kati dai bai kamata ta zaɓar maka tsari ba. Ƙawancen kamfanonin jiragen sama da kamfanin ke ciki ya fi muhimmanci, don shi ke faɗin inda matsayinka zai yi aiki. Manyan ƙawance uku ne. Star Alliance, wanda aka kafa a 1997, ya haɗa Ethiopian Airlines mai ShebaMiles, Turkish Airlines mai Miles&Smiles, EgyptAir da Lufthansa, matsayinsa kuma biyu ne, Silver da Gold. Oneworld ya zo a 1999, da British Airways, Qatar Airways da Royal Air Maroc a ciki, yana da Ruby, Sapphire da Emerald. SkyTeam na 2000 ya ƙunshi Air France da KLM masu Flying Blue, da Delta da Saudia, da matsayin Elite da Elite Plus. Emirates da tsarinsa na Skywards ba sa cikin ko ɗaya, sai yarjejeniya da ɗaiɗaikun kamfanoni. Falon hutawa daga Gold, Sapphire ko Elite Plus yake farawa, ba daga matakin ƙasa ba.

A jirgin abokin ƙawance ne aka fi samun tangarɗa. Ma'aikacin can bai san sunayen matakan kamfaninka ba, tambarin ƙawancen yake nema. Ka tabbata katin wayarka yana nuna tambarin, cikakken suna, lamba da ranar ƙarewa a fuska ɗaya. Ka kuma duba katin shiga jirgi tun a teburin auna kaya. In matsayin bai fito ba, a nan za a sa lambar a sake buga shi, ba sai ka isa ƙofar falo ba.

Sunan da ke asusun lallai ya yi daidai da na fasfo da na tikiti, harafi da harafi. Bambancin rubutu ko juya suna gaba da baya yana hana maki shiga. Wasu tikitoci masu arha kuma maki kaɗan suke bayarwa ko babu sam, ya danganta da harafin ajin kuɗin tikitin.

Kada ka sa hoton katin shiga jirgi a Facebook ko WhatsApp. Zanen da na'ura ke karantawa yana ɗauke da sunanka, lambar ajiyar kujera mai alama 6, sau da yawa har da lambar mamba, kuma ana satar maki kamar yadda ake satar kuɗi.

In ka sauka maki bai shiga ba bayan mako biyu, ana iya nema daga baya ta manhaja ko shafin kamfanin. Za a buƙaci lambar tikiti mai alƙalami 13, lambar jirgi da ranar tafiya, wani lokaci da hoton katin shiga jirgin. Wa'adin neman ya bambanta, yawanci tsakanin wata 6 zuwa 12 ne, don haka kada ka goge katin shiga jirgi daga waya sai makin ya bayyana a asusunka.