Tsaunin Fuji ko tudun Takao: wanne ya fi dacewa a watan Nuwamba?

Wani ɗan'uwa da ke karatu a Tokyo, babban birnin Japan, ya ce yana da hutun kwana ɗaya a tsakiyar Nuwamba, kuma yana tambaya ko ya tafi tafkin Kawaguchi ya ɗauki hoton tsaunin Fuji, ko kuwa ya hau tudun Takao ya yi tattaki cikin kurmi. Malam, bambancin wuraren biyu yana ga yadda kowannensu ya dogara da yanayin sama.

Fuji, mai tsayin mita 3,776, ba a hawansa a wannan lokaci, domin ana rufe hanyoyinsa tun farkon Satumba, saboda haka abin da zai kai ka Kawaguchi shi ne hangensa daga nesa. Tafiyar kusan awa biyu ce a bas daga unguwar Shinjuku da ke cikin Tokyo. Hoto mai kyau yana samuwa ne da sassafe daga gaɓar tafkin ta arewa, lokacin da iska ba ta taso ba, ruwan ya kwanta har surar tsaunin ta fito a cikinsa, wanda ke nufin sai ka kwana a can, ka fito bayan sallar asuba cikin sanyin da ke sandarar da yatsu. Dusar ƙanƙarar da ke kansa tana ruɗin kyamara ta mai da fari ya koma toka-toka, don haka sai ka ƙara hasken hoton kaɗan da kanka. Ita ma dusar ba ta da alkawari, domin a 2024 ba ta sauka a kansa ba sai cikin makon farko na Nuwamba. Babbar matsalar dai ita ce gajimare, wanda idan ya lulluɓe tsaunin, kuɗin mota da na masauki sun tafi ke nan.

Takao kuwa mita 599 ne kacal, kuma jirgin ƙasa na layin Keio yana kai mutum gindinsa daga Shinjuku cikin kusan awa ɗaya. A nan gajimaren da ke ɓata hoton Fuji taimako yake yi, saboda hasken da ya tausasa yana fito da ja da ruwan ɗorawar ganyaye, waɗanda ke canja launi a wannan watan, ba tare da baƙar inuwa ba. Idan kuma rana ta fito, ka tsaya ta yadda za ta kasance a bayan ganyen, sai ka ga har jijiyoyinsa sun bayyana. A cikin hanyoyin hawan tudun, Hanya ta 1 shimfiɗaɗɗiya ce, tana bi ta wurin ibadar Yakuo-in da aka kafa a shekarar 744, amma a ƙarshen mako cinkosonta sai ka ce kasuwa. Hanya ta 6, wadda ke bin gefen rafi, ta fi daɗin tafiya, sai dai tana buƙatar takalmi mai riƙe ƙasa saboda santsin duwatsu.

Ni a ganina, mai kwana ɗaya Takao ya kamata ya nufa, a ranar aiki idan da hali, musamman da yake idan gari ya washe ana hango Fuji daga ƙololuwarsa. Ka dai fara saukowa tun kafin la'asar, domin rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4:30 a wannan watan, kuma duhu yana rigan haka shiga kurmi.