Gidan gem ɗin da ke tsakanin Yelwa da Gwallameji: abin da na gani a wata huɗu

Shekarata talatin da huɗu, ina da mata da yara biyu, ina koyar da lissafi a wata sakandare mai zaman kanta a cikin garin Bauchi, kuma har gobe ina buga gem. Na fara da wannan ne don wanda zai ce "wannan ba shi da aikin yi" ya faɗa tun yanzu ya huta, mu kuma mu shiga maganar shagon.

Yana kan hanyar Dass, tsakanin Yelwa da Gwallameji, inda ɗaliban jami'a da na poli suka fi yawa. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai abubuwan da zan kushe, mai shagon kuwa mutumin kirki ne, ba na son in taɓa masa kasuwa. Shago biyu ne aka fasa bangon da ya raba su. Talabijin shida a jere, huɗu da na'urar gem ta PS4, biyu da sabuwarta PS5, gaban kowanne kujerun roba biyu, sai dogon benci a baya na masu jiran layi da 'yan kallo. 'Yan kallon nan sun fi masu wasan iya ƙwallo, kamar yadda aka saba.

Lokacin da na fara zuwa, wasa ɗaya naira 300 ne a PS4, 500 a PS5, minti biyar kowane zagaye. Mai shagon ya ce min tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareta ta fara cinye ribarsa, shi ya sa ya daure ya sa sola da batir. Wannan shi ne abu na farko da zan yaba. Duk wanda ya taɓa yin gaba da ci biyu, saura minti uku a tashi, aka ɗauke wuta, ya san irin rigimar da ke biyo baya: wanda ake ci ya ce a sake daga farko, wanda ya ci ya rantse sai an ƙirga masa, yaron shago kuma ya ce kuɗi dai an riga an ci. A nan ko an ɗauke wuta allo ba ya ko ƙiftawa. Fankoki ne kawai ake rage wa, kuma zan dawo kan fankokin.

Yawancin mutane ƙwallo suke bugawa. Har yanzu kowa "FIFA" yake cewa, duk da kamfanin EA ya rabu da wannan suna tun 2023, ya koma kiran wasan FC. Mu tsofaffin hannu mun taso ne da Winning Eleven na Konami a kan PS2, wanda ya zama PES a bakin kowa, daga 2021 kuma aka mai da shi eFootball. A wani ɗan shago kusa da kasuwar Wunti na koya, da canjin kuɗin niƙa, kuma na sha dukan da ya dace da laifin. Akwai wasan faɗa na Mortal Kombat da wasan tseren mota a talabijin ɗin ƙarshe, inda 'yan ƙanana suka fi taruwa. Abin da ke ba ni haushi, ba laifin shagon ba ne, shi ne ka ga ɗan Bauchi yana zaɓar Real Madrid ko Manchester City dole, don Wikki Tourists ba ta cikin wasan. Da tana ciki da na ɗauke ta, ko da kullum za a yi ta lallasa ni.

Yadda aka yi na fara zuwa kuwa, daga gida abin ya samo asali. Wajen shekara biyu ina buga wasannin harbi na Call of Duty da PUBG a waya. Bayan isha'i in kishingiɗa, in toshe kunne, in ce wasa ɗaya kawai. Sai ƙarfe ɗaya na dare. Ina cikin ɗakin amma ba na nan. Uwargida za ta yi magana sau uku kafin in ce "na'am", ɗiyata ta kawo min littafinta in ce "ina zuwa" har barci ya kwashe ta. Majalisarmu ta ƙofar gida na daina zama, wai na gaji da aiki. Rannan wani abokina da muka yi firamare tare ya yi suna, sai washegari na tuna. Kunyar da na ji ranar da na je ban-haƙuri har yanzu ba ta sake ni ba.

Uwargida ce ta ji a rediyo cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka, ta tare ni da shi da safe ina shan koko. Na ce mata ƙarin gishiri ne na 'yan jarida. Da na je na duba, gaskiyarta ne: a 2019 ƙasashen hukumar suka amince da sabon kundin, ya fara aiki a farkon 2022. Sai dai ba yawan buga wasan suka kira cuta ba. Sharuɗɗa suka sa: mutum ya kasa taka wa kansa birki, ya fifita wasan a kan sauran lamuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, kuma a yawancin lokuta sai abin ya kai wata goma sha biyu. Na karanta mata don in wanke kaina, ina cikin karantawa muryata ta fara yin ƙasa. Ta ce, "Malam, ci gaba mana, ina jin ka."

Ba ta ce in daina ba, kuma da ta ce da ƙarya zan yi mata. Abin da muka tsaya a kai shi ne in goge su daga waya, in na ji ƙaiƙayin wasa in fita in je inda ake biyan kuɗi. Laraba bayan la'asar da Asabar bayan la'asar, in dawo kafin isha'i. Dabararta ta fi tawa. Wasan waya ba shi da ƙofa ballantana a rufe ta. Na shago kuwa kuɗi ne ke fita daga aljihu kowane minti goma, ga mutum biyar a bayanka suna jiran ka tashi. Ko kana so ko ba ka so sai ka miƙa hannun wasan.

Abin da ya sa na tsaya a wannan shagon, ban koma wasu biyu da na gwada ba, dokoki uku ne da aka rubuta da maka a jikin kwali aka manna a ƙofa. Ba a shiga da kayan makaranta kafin a tashi. Ana kashe talabijin idan an kira salla. Ba a sa kuɗi. Na ɗauka ado ne kawai, irin "ba bashi" da ake rubutawa a shagon da kowa ke cin bashi. Ranar farko ana kiran magariba yaron shagon ya bi layi yana danna tsayawa, bai nemi izinin kowa ba. Akwai butoci da tabarma a gefe, masallaci kuma tsallaken titi ne. Ɗalibai Kiristoci da ke zuwa, kuma suna da yawa a wannan yanki, sukan zauna a benci su jira, ba wanda ya ce wa wani komai. Da aka dawo, kowa ya ci gaba daga minti ɗin da ya tsaya.

Dokar kuɗin ce ta fi jawo surutu. A kusan kowane gidan gem da na sani, al'adar ita ce wanda aka ci shi zai biya. Mun taso da ita, ba mu taɓa ganin ta a matsayin komai ba. Mai shagon nan ya ce a'a, kowa ya biya rabinsa tun kafin a fara, domin a ganinsa daga "wanda aka ci ya biya" ake zarcewa "mu sa dubu-dubu", daga nan sai a ajiye waya a kan tebur. Na yi masa gardama da farko, na ce wasan ba zai yi armashi ba in ba abin da mutum zai rasa. Yanzu na sauka daga wannan ra'ayi. Wata huɗu ina zuwa, ban ga an cakumi kwalar wani ba. Ashe tsiyar da 'yan benci za su yi maka ta isa horo. Akwai wani da aka yi wa ci shida da nema tun watan jiya, har yau in ya shigo sai wani ya tambaye shi ko ya karya da ƙwai rabin dozin.

Yanzu ga inda suka gaza. Hannayen wasan sun gaji. Na talabijin na uku sandarsa ta hagu ta saki, ɗan wasanka sai ya kama hanyar gefen fili shi kaɗai kamar wanda aka aika. Sau uku ina faɗa, sau uku ana ce min "an kai gyara", alhali ga shi a hannuna. Wanda ke karɓar 500 a wasa ya kamata ya ajiye ko da hannu biyu na ko-ta-kwana. Zafi kuma ba a magana. A watan Afrilu, mutum ashirin cikin ɗakin da taga ɗaya ce, an rage fanka don a tattala batir, sai ka fito kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Layin ma ba shi da tsari: babu takarda, babu allo, yaron shago ne ke riƙe shi a ka, kuma kansa ya fi tuna abokansa. Ba su da banɗaki. Lemo da ruwan leda akwai, da sanyinsu, ana karɓar tiransifa, mai shayi na nan kusa.

Ban taɓa ganin mace a ciki ba. Ƙanwar uwargida, wadda ke karatu a jami'a, ta fi ni iya wasan harbi nesa ba kusa ba, amma ta ce ko da kuɗi aka haɗa ta ba za ta shiga ba, don kafin ta fito labari ya riga ta isa gida. Na gaya wa mai shagon ya gwada ware musu safiyar wata rana. Ya yi dariya, ya ce zai duba. Na san irin wannan dubawar.

Maganar mutane ita ce ba ta ƙarewa. Sati na biyu da fara zuwana, na zauna ke nan sai na ji an ce, "Malam! Kai ma?" Ɗalibina ne na ajin ƙarshe, wanda ranar Litinin na tsayar a gaban allo kan ya kasa warware lissafi. Ba yadda zan yi, layi ya haɗa mu. Ya ɗauki Barcelona, ya zura min huɗu, kowace ƙwallo sai ya ce "yi haƙuri, Malam". Na kwana ina tunanin girmana ya zube. Bai zube ba. Yaron da bai taɓa ɗaga hannu a aji ba, yanzu shi ke biyo ni ofis da tambaya. Sai dai na kafa wa kaina doka: ba na wasa da ɗalibina lokacin jarrabawa, in ma na gan shi a can ni ke kora shi gida.

Kawuna kuwa, da labari ya kai masa, kirana ya yi har gida. "Kai yanzu da iyalinka, da gemunka, ka je ka zauna cikin yara kana danne-danne? Zaman kashe wando ke nan." Na durƙusa ina "Allah ya huci zuciyarka, Kawu". Abin da ban iya faɗa ba shi ne, shi kansa tun ina yaro daga la'asar zuwa magariba yana gindin dalbejiya yana dara, ana ihu ana tafawa, ba wanda ya taɓa kiran wannan wasan yara. Da na ga ya ɗan sauko na ce masa ai a 2024 an yi gasar duniya ta irin wannan wasa a Riyad, kuɗin kyaututtukan ya haura dala miliyan 60. Ya yi shiru, ya ce, "Saudiyya?" Na ce Saudiyya. Ya ce, "To kai nawa ka ciyo?" Nan maganar ta mutu, kuma shi ya yi nasara.

Amma akwai gaskiya a cikin tsoron dattawa, ba zan ɓoye ba. Na san gidajen gem da hayaƙi ke tashi a bayansu, na san yaran da ke tsallake katangar makaranta su wuni a can. Sunan da "'yan gem" suka yi ba daga sama ya faɗo ba. Abin da ba na yarda da shi ba shi ne a yi mana kuɗin goro. A bencin shagon nan na san wani ma'aikacin jinya da ke zuwa bayan ya sauka daga aikin dare, da tela, da mai gyaran waya, da wani magidanci da ya girme ni wanda ke zuwa da ɗansa duk Asabar su buga wasa biyu su tafi. Da mahaifiyar telan ta rasu, mu tara muka je gaisuwa daga shagon, a Keke biyu da mashin ɗaya. Shekara biyu da na yi ina wasa a waya da mutanen da ban san fuskarsu ba, ko ciwon kai na yi ba wanda zai sani.

Wanda ke neman wurin da zai huta shi kaɗai cikin sanyin na'ura, nan ba wurinsa ba ne. Wanda kuma ke son ya kai ƙanensa ko ɗansa ba tare da fargabar abin da zai koyo ba, zan ce ya je, amma ya je da wuri, kafin biyar, ya kuma guji talabijin na uku. Ranar Asabar mai zuwa suna da gasa ta mutum goma sha shida, kyautar rigar ƙwallo ce mai shagon ya sa daga aljihunsa, kuma na riga na ba da sunana. Jiya da dare uwargida ta tuna min cewa ranar ce ɗaurin auren ɗan yayarta a Dass, ƙarfe biyu. Na kira mai shagon na ce ya ba ɗalibin nan nawa gurbina, tunda sun gama jarrabawa.