Ajin koyon Yarbanci na yamma a Agege, abin da na gani a wata 2

Jama'a masu tambayata ajin nan da ake yi bayan isha'i a Agege, to ga gaskiyar abin da na gani. Ni albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12, shekarata 6 a Legas amma Yarbancina bai wuce na ciniki ba, shi ya sa na shiga.

Malamin Bayerabe ne ɗan Ilori, yana jin Hausa kuma ya yi karatun Larabci, kuma wallahi dabararsa ta burge ni. Ranar farko bai ba mu nahawu ba, cewa ya yi mu kawo kalmomin da muka riga muka sani. Albasa su Yarbawa alubosa suke cewa, dukkanmu daga basal na Larabci muka aro. Lafiya alafia, addu'a adura, albarka alubarika, asiri asiri ne, ƙaddara kadara, Alhamis Alamisi, har sunan Jimoh ashe Juma'a ne. Wanda ya fi tsaya min a rai wakati, wato awa a wajensu, asalinsa waƙti, mu kuma da muka ɗauko shi da al ɗinsa sai ya zama lokaci. Na daɗe ina jin kalmar a bakin kwastomomi ban taɓa haɗa su ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne gajerun kalmomi, nan malam yana gudu da yawa. Kalma kamar wa, a Hausa tambaya ce ko yayanka, a Larabci "da" ce, a Yarbanci zo. Kalmar mu tamu a wajensu sha ce, ta sayarwa, sun barci, ku kuwa mutuwa, kuma babu wata dangantaka, kama ce kawai ta baki, amma sabon ɗalibi da ya saba jin komai daga Larabci yake sai ya ɗauka nan ma haka ne. Ga muryoyi 3 da Yarbanci ke da su, sama, tsakiya, ƙasa, su ke raba miji da mota da fartanya a kalma ɗaya, oko, takardar da ake raba mana kuma ba alamar murya ko ɗaya. Na yi masa magana, na ce Malam a taimaka a riƙa sa mana, ya ce in sha Allah.

Ɗakin akwai zafi in an ɗauke wuta, kuɗin wata dai bai fi ƙarfin ɗan kasuwa ba. Ni na biya na wata na 3, duk mai zuwa ya taho da biro ja don sa wa kalmomi alamar murya da kansa.