Ranger da F-150: Dalilin da Ya Sa Ford Ke Fifita Babbar a Kasuwar Amurka

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya sa kamfanin Ford ba ya kambama motarsa ta a-kori-kura matsakaiciya, wato Ranger, a kasuwar Amurka, alhali kullum F-150 ce a talabijin da allunan talla, har ka fara zargin ko motar tana da wani aibu da kamfanin ya sani ya yi shiru. Wasu daga cikin 'yan'uwa masu irin waɗannan motoci sun ce Toyota Tacoma ce ta fi ƙarfinta, wasu kuma sun ɗora laifin a kan dillalai. A ganina, amsar tana fitowa ne idan aka jera Ranger da yayarta F-150, aka duba abin da kowacce ke kawo wa kamfanin.

Jerin motocin F-Series, wanda F-150 ke ciki, shi ne kan gaba a cinikin a-kori-kura a Amurka tun 1977, kuma a 2023 kaɗai an sayar da sama da 750,000. Ranger kuwa, ko a 2020 da kasuwarta ta yi kyau, kimanin 100,000 aka sayar, a 2023 ma ba ta kai 35,000 ba. Amma yawan ciniki rabin labarin ne. Kuɗin ƙera babbar mota bai fi na matsakaiciya da nisa ba, domin kowacce na buƙatar injin da giya da na'urorin kariya da ma'aikatan da za su harhaɗa ta, sai dai farashin da ake iya ɗora wa babbar, musamman samfuran alfarma irin su Lariat da Platinum, ya fi tsawo ƙwarai. Saboda haka duk mutumin da ya shiga wurin dillali da niyyar F-150 ya fito da Ranger, kamfanin ya sayar da mota, amma ya rage riba da hannunsa. Kamfanin da ya san haka ba zai kashe kuɗin talla yana janye masu saye daga babbar zuwa ƙaramar ba.

Tarihin motar ma ya nuna hakan. A Disambar 2011 Ford ya daina ƙera Ranger a masana'antarsa ta St. Paul da ke jihar Minnesota, kuma a daidai lokacin ne sabuwar Ranger da injiniyoyin reshen Ostireliya suka tsara ta shiga kasuwannin duniya, aka hana Amurka ita. Hujjar da jami'an kamfanin suka bayar ita ce girmanta da farashinta sun yi kusa da na F-150. Sai da suka ga Chevrolet Colorado, a-kori-kura matsakaiciya ta kamfanin General Motors, ta dawo da ƙarfi, Tacoma kuma tana cin kasuwar babu mai tare ta, sannan suka maido da Ranger a samfurin 2019.

Akwai kuma maganar masana'anta, wadda na ga ba a cika kawo ta a wannan muhawara ba, ga shi kuwa tana da nauyi. F-150 tana da manyan masana'antu biyu, ɗaya a Dearborn, ɗaya kusa da Kansas City. Ranger ta Amurka a wuri ɗaya ake yin ta, a garin Wayne na jihar Michigan, kuma tun 2021 tana raba wurin da Bronco, wata jif ta Ford da mutane suka yi ta jiran layi kafin su samu. Kowane gurbi da aka ba Ranger an rage wa Bronco ne. Yajin aikin ma'aikatan ƙera motoci da ya fara a Satumbar 2023 ya tsayar da wannan masana'anta na makonni, ana tsakiyar sauyawa zuwa sabon samfuri, wanda ya taimaka wajen faɗuwar cinikin shekarar. Ba kuma za a cike giɓin da Ranger ɗin da ake ƙerawa a Tailan ko Afirka ta Kudu cikin sauƙi ba, domin tun 1964 Amurka ke karɓar harajin kashi 25 cikin 100 a kan irin waɗannan motoci idan an shigo da su. Tallata abin da ba ka da isasshensa a hannu ɓarnar kuɗi ce. Daga ƙasa kuma Maverick, ƙaramar a-kori-kurar Ford wadda ta fito a 2021 da farashi mai sauƙi, ta ɗauke masu neman ƙaramar mota ta zirga-zirgar gari.

Toyota lissafinsa daban ne, shi ya sa kwatanta shi da Ford a nan yake ruɗar mutane. Babbar motarsa, Tundra, ba ta taɓa kusantar F-150 a ciniki ba, Tacoma ce ke riƙe da gidan, ta yi shekaru tana wuce 200,000 a shekara, kuma tun fitowarta a 1995 ba a taɓa janye ta daga kasuwa ba.

Abin da ya fi gamsar da ni cewa shirun ba na aibu ba ne shi ne yadda Ford ke ji da Ranger a inda F-150 ba ta da tasiri. A Ostireliya ita ce motar da aka fi saya a 2023, ta ture Hilux daga matsayin da ta daɗe a kai, a Turai ma ta yi shekaru tana kan gaba a ajinta. Ina jin takaicin wannan tsari na fifita babbar a Amurka, domin yana tura mutane da yawa sayen motar da ta fi buƙatarsu girma da shan mai da wahalar ajiyewa.

Idan kana shawarar saye, ɗan'uwa, fara da nauyin da za ka ja. Ranger tana jan kimanin kilo 3,400, F-150 kuwa, idan an zaɓi injin da kayan da suka dace, tana wuce kilo 6,000. In nauyin abin da za ka ja bai kai iyakar Ranger ba, ta ishe ka. Sai dai ka nemi dillali ya rubuta maka farashin kowacce bayan rangwame, domin rangwamen da ake yi wa F-150 yakan rage tazarar da ke tsakaninsu fiye da yadda takardar farashi ta nuna.